Tsamin 'Yan Yaye

Luba Zailani ba ta taɓa yi wa mahaifiyarta ƙarya a kan aikinta ba. Da wannan take kare kanta, kuma in za a bi maganar kalma-kalma, tana da gaskiya. Rabin zance kawai ta faɗa, ta bar Hausa ta ƙarasa mata sauran.

'Yar Funtuwa ce. Kimiyyar kiwon dabbobi ta karanta a gida, da niyyar kaji da tumaki, sai aure ya kawo ta Landan. Mijinta Abdulhakeem direban bas ne, suna zaune a Catford, a saman wani shagon wanki. Shekarunta na farko a goge-gogen ofisoshi da kula da tsofaffi suka tafi, digirin yana kwance a ƙasan akwati. Ranar da wani kamfanin haɗa abincin dabbobi da ke bakin gari ya kira ta ganawa, aka gaya mata gurbin da ke akwai a ɗakin gwaje-gwaje ne, a sashen abincin 'ya'yan alade. Ta tuna bokiti da tsumman goge ƙasa, ta ce ta karɓa.

Aikin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Ɗan alade in an raba shi da nono, cikinsa bai gama iya samar da tsamin da zai narkar da busasshen abinci ba. Sai abincin ya kwanta a hanji, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, zawo ya kama shi, ya rame ko ya mutu. A da magani manoma ke zuba musu a abinci ba ƙaƙƙautawa. Da hukuma ta taka wa abin burki, aka koma ga tsami: irin na lemo, irin na kindirmo, da wasu masu ƙarfi da ba a kusantar su sai da safar hannu da tabarau. Luba ce ke auna wanne ya fi gyara ciki, kuma nawa ne ya isa. Daga gonaki ake aiko mata samfur a 'yan kwalabe. Aladen kansa ba ta taɓa sa masa hannu ba. In azahar ta yi, ta tuɓe farar riga, ta wanke hannu har gwiwa, ta yi alwala, ta shimfiɗa darduma a ɗakin ajiya. Kuma maganar gaskiya, tana son aikin. Duk ranar da sakamako ya nuna zawo ya ragu a wata gona, da fara'a take shiga jirgin ƙasa.

Mahaifiyarta, Inna Hansai, ta tambaye ta a waya tun makon farko.

"To, aikin mene ne suka ba ki?"

"Abincin 'yan yaye muke gyarawa, Inna. Tsami muke sa masa don kada cikinsu ya lalace."

"Allahu Akbar! Ashe Turawa sai yanzu suka san kunun tsamiya? Allah Ya yi miki albarka, kin samu aikin lada."

A nan ne ya kamata Luba ta ƙara kalma ɗaya. Ba ta ƙara ba. Ai da ɗan mutum da ɗan akuya duk yaye ake cewa, laifinta ne in Inna ta zaɓi wanda ta ga dama? Abdulhakeem yana gefe yana cin abinci, ya ɗago ya dube ta.

"Luba, wannan Hausar taki za ta yi expire wata rana."

Ta ce ya ci abincinsa.

Inna kuwa ta ɗauki zancen ta shiga gari da shi. Gidan suna, gidan biki, layin asibiti, ba inda ba a ji cewa 'yarta ce ke haɗa wa yaran Ingila abincin yaye ba. Matan unguwa suka fara aiko tambaya ta bakinta: yaro ya ƙi kunu, yarinya na zawon haƙori, me Luba ta ce? Luba takan ce a kai su asibiti. Inna ta ɗauki wannan a matsayin kunya irin ta masu ilimi.

Shekaru suka tafi a haka, har bazarar da Inna ta zo Landan ganin jikanta Zaid, ɗan Nuruddeen, ƙanen Luba, wanda ke aikin jinya yana zaune a Whitechapel. A gidan Luba ta sauka, don ita ce babba. Luba ta ɗauki hutu, ta shiga kicin da ƙarfinta. Ba abin da ke mata daɗi a duniya kamar ta ga Inna ta siɗe kwano ta ce, "Hannunki bai mutu ba." Inna ba ta iya yabo ba, wannan ce iyakarta, kuma ta ishi Luba.

Sai aka yi rashin sa'a zuwan ya faɗo daidai lokacin da Zarah, matar Nuruddeen, ta cire Zaid daga nono. Yaro ya kama zawo. Likita ya duba shi ya ce a yi ta ba shi ruwan gishiri da sukari, zai wuce. Inna ta ji wannan ta riƙe haɓa.

Ranar Asabar suna zaune a falon Nuruddeen bayan la'asar, hayaniyar kasuwa na shigowa ta taga, Inna ta juyo ga Luba.

"Ke kuma kina zaune kina kallo? Gwaggonsa ce ke gyara cikin 'ya'yan Turawa, naki ɗan yana zuba kamar famfo. Ranar Litinin ki ɗebo masa kaɗan."

"Inna, ba a fita da kaya daga wurin aiki. Za a iya yi min sacking."

"Cokali ɗaya? To faɗi sunansa a saya."

Nuruddeen ya san komai tun tuni. Ya sunkuyar da kai, ya ga wani abu mai muhimmanci a kan kafet. Zarah kuwa ba ta sani ba, baiwar Allah, ga ta uwa ce da ɗa ba lafiya. Ta jawo waya.

"Yaya Luba, mene ne sunan company ɗin naku? Bari in yi order yanzu, ƙila su yi delivery gobe."

Luba ta san hoton da zai fara fitowa in aka rubuta sunan. Ta kuma san abin da digo ɗaya na tsamin nan zai yi wa bakin yaro. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana 'yar makaranta.

"Zarah, ajiye wayar. Ba na mutane ba ne. Inna, 'yan yayen nan dabbobi ne."

"Dabbobi? To ai abin da kika karanta ke nan. 'Yan maruƙa?"

"'Ya'yan alade ne."

Inna ba ta yi salati ba, ba ta tafa hannu ba, abin da ya fi tayar wa Luba hankali ke nan. Gyara wa Zaid kwanciya ta yi a cinyarta, ta daɗe tana shafa masa baya.

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Tuwon da nake ci a gidanki, da gumin nan aka yi shi?"

Nuruddeen ya sa baki, ya ce ba kiwo take yi ba, ba ta ci, ba ta sayarwa, ko taɓa su ba ta yi, kuma a irin wannan in aka tambayi malamai ba lalle bakinsu ya zo ɗaya ba. Inna ta ce ba malamai ta tambaya ba, 'yarta ta tambaya. Daga nan ta ce a kawo mata akwatinta daga Catford, Zaid na bukatar kaka a kusa.

Yaro dai ya warke a cikin makon, da ruwan gishirinsa da sukari, kamar yadda likita ya faɗa. Inna ba ta koma Catford ba. Luba ta dafa dambu ta aika, aka ce an gode, Nuruddeen da Zarah suka cinye. Abdulhakeem ya je da kansa ya durƙusa, ya ce cefanen gidan daga albashinsa na bas yake fita. Inna ta sa masa albarka, ta ce ai tukunyar ɗaya ce. Fushi ba ta nuna ba. Kullum sai ta kira Luba ta tambayi kwananta da na maigida, aiki ne kawai ba ta ƙara ambata ba. Luba ta yi kuka, ta yi haushi, har ta fara duba tallan wasu ayyukan a waya, ta ga duk bokitin nan ne ke jiran ta. Hutunta ya ƙare, ta koma ɗakin gwaje-gwaje.

Ana jibi Inna za ta koma gida, ta aiko cewa tana nan zuwa Catford sallama. Luba ta tashi tun da safe ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu yadda Inna ke so, ta shimfiɗa ledar cin abinci a falo. Da azahar ta ji ƙararrawa. Nuruddeen ne a gaba, riƙe da kula babba, Inna na biye tana haki saboda matakala.

Bayan an gaisa Inna ta zauna a ƙasa, ta wanke hannu, ta jawo kular da suka zo da ita ta buɗe. Tuwo ne da miyar kuɓewa, da hannunta ta yi a kicin ɗin Zarah. Ta zuba a faranti ɗaya, ta tura naman gefen Luba.

"Matso mu ci. Kin rame."

Luba ta dubi ƙofar kicin, inda ƙamshin man shanu ke fitowa. Inna ma ta ji shi, ba yadda za a yi ta ƙi ji. Luba ta matso ta sa hannu, suka ci tare har suka siɗe farantin, nata tuwon yana can kan murhu a rufe.