Taken Yaya a Sabon Akwati

Shekara huɗu muka yi muna kaɗa jita ta cikin wata tsohuwar rediyo da na farke na sauya mata 'yan hanji. Ni makanike ne a garejin En'e a Kontagora, jita kuwa son zuciya ne kawai. Mu uku ne: ni, da wani tela Banufe mai waƙa, wanda ya zama shugabanmu don babu mai iya musu da shi, sai surukinsa mai ganga. Rediyon nan ba ta da murya ko kaɗan. In ka tsaya bayan katangar gareji sai ka rantse zuma ce ta shiga tulu. Kullum ina zaginta, ashe ita ce ke rufa mini asiri.

Ga asirin. Yayana, ɗan farin Inna, manomi ne na ji da gani, har masu gangar noma suka yi masa take nasa na kansa. In aka buga shi a wajen gayya, ko yana ƙarshen gona sai ya ɗaga garma ya yi kururuwa. Aka ɗauke shi soja lokacin yaƙin Bama. Yaƙi ya ƙare, abokan tafiyarsa suka dawo, shi ba shi, ba takarda. Ba a ce ya mutu ba, don haka ba a yi sadaka ba. Makaɗa dai suka daina buga takensa saboda Inna. Ni kuwa da jita ta shigo hannuna, abin da yatsuna suka fara nema ke nan. Na ƙara masa sauri, tela ya ɗora masa waƙa, ya zama kiɗanmu da aka fi so. Masu zuwa saurarenmu direbobi ne da akawuna, yawancinsu baƙi, ba su san ko mene ne ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai tela ya je Ibadan saro yadi, ya dawo da amfilifaya. Akwati ne mai launin ƙasa, da ƙananan kwalabe a ciki masu yin ja in sun ɗau zafi, da lasifika kamar faifai, kuma da batirin mota yake aiki. Ya rungumo shi a cinya tun daga can don kada gargada ta fasa kwalaben. Ranar Lahadi da hantsi muka gwada shi. Na taɓa tsirkiya ɗaya, kwanon rufin gareji ya amsa, awaki suka watse. Tela yana tsalle, ni kuwa na shiga lissafi, don an riga an gayyace mu wasa ranar nunin amfanin gona, Juma'a mai zuwa, kuma filin yana bayan unguwarmu.

Washegari na taka daga filin zuwa ƙofar gidanmu ina ƙirga sawu. Ban kai ɗari huɗu ba. Na sake takawa ko na yi kuskure, sai ma ya ragu.

Na fara da tela. Na ce mu bar wannan kiɗan, ya tsufa, mu shiga da sabo.

"Kai, lafiyarka?" in ji shi. "Na ɗauko akwati tun daga Ibadan a kan ƙafata, ka ce mu bar wanda ya fi daɗi? To me za mu buga wa mutane, tari?"

Da na buɗe baki na faɗa masa gaskiya, da ya bari, don mutumin kirki ne duk da bakinsa. Amma sai in ce shekara huɗu ina sa su rawa da taken ɗan'uwana da ya ɓata? Kunya ta hana ni, sai na huce a kan surukinsa, na ce gangarsa na gudu kamar an biyo ta.

Na koma kan Inna. Na same ta tana tankaɗe, na tsuguna na ce akwai motar da za ta Auna ranar Alhamis, ta je ta ga ƙanwarta mana, ta kwana biyu.

"Yaushe ka fara damuwa da ƙanwata?"

"Na ji an ce ba ta jin daɗi, Inna."

"Allah ya ba ta lafiya. Ni ba na kwana a waje, ka sani. In wani ya zo ya tarar da gida ba kowa fa?"

Ban tambaye ta wane wani ba. Na tashi na fita.

Kwana ukun da suka rage ban ci abincin kirki ba. Na yi tunanin in zare kwalba ɗaya in ce ta mutu, har na kwance murfin bayan akwatin, hannuna ya ƙi. Na yi addu'ar ruwa, alhali kaka ta wuce. A ƙarshe na lallashi kaina cewa zan rage murya, kuma ai na sauya kiɗan sosai, shekara goma sha uku ba wasa ba, wataƙila ma ta manta.

Ranar, bayan la'asar aka ba mu fili, tsakanin rumfar masu doya da turken shanu. Muka yi kiɗa biyu lafiya. Da aka zo na uku na murɗa murya ƙasa, tela ya miƙo hannu ya murɗe ta har ƙarshe yana yi mini murmushi. Na fara. Wallahi ban taɓa jin kiɗan nan ya fito haka ba, tas, ba ƙara, ba shaƙewa. Duk kwalliyar da na yi masa ba ta ɓoye komai ba. Direbobi suka shiga rawa, amma na ga tsofaffin manoma a rumfar doya sun miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya, ba mai rawa a cikinsu. Na so in tsaya, yatsuna suka ci gaba don tsoro.

Sai na ga mutane suna darewa daga ɓangaren unguwarmu. Inna ce, ba mayafi, ba takalmi, tana gudu irin na tsohuwa, tana leƙa fuskokin mazaje ɗaya ɗaya. Ba ta dubi inda nake ba. Na ɗora tafina a kan tsirkiya, ganga ta mutu, fili ya yi tsit.

A cikin shirun nan ta kira shi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan Yaya a bakinta ba, don uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ranar ta faɗe shi da ƙarfi, sau uku, a gaban dukan garin, sannan ta tsaya tana jiran a amsa.