"Tare Muke" a Ƙofar Lambun Sarauta

"Gaya mata tare muke," in ji Kawu Sule, muna tsaye gaban mai duba tikiti a wani tsohon lambun sarauta mai hasumiya da ake zuwa yawon buɗe ido.

Tun kafin ya taso daga Kano na yi booking na tikitin mutum uku: ni, matata da shi. Da ƙyar na samu gurbi. Amma a tashar jirgin ƙasa ta Barking Kawu ya ji wani ɗan Ghana yana Hausa da iyalinsa. Daga gaisawa sai ya ce musu, "Ku zo mu je, ɗana ya gama komai."

Mu takwas muka isa.

Na ce, "Kawu, nan 'tare muke' ba ta buɗe ƙofa. Mutum uku za ta bari."

Ya ce, "To, da sauƙi. Ai ba a barin baƙo a waje."

Ya shige da mutumin da matarsa. Ni da matata muka zauna a benci muna rainon 'ya'yansu uku.

Da ya fito ya dafa kafaɗata: "Wallahi ka yi asara. Ka riƙa yin booking da wuri."

Har yanzu Madam fushi take da ni. Ku masu kawu irin nawa, yaya kuke yi?