Ƙwallon Goruba a Tabarmar Karta

A shekarun da nake ɗinkin hula a Unguwar Kanawa, muna da tabarma a gindin wata darbejiya, inda muke buga karta daga la'asar zuwa kiran magariba. Ba caca ba ce, Allah ya tsare. Wanda aka ci, dariya kawai yake sha.

Da gardama ta yi yawa aka ce in rubuta doka, tunda ni ne mai tawada. Na rubuta da ajami a bayan kwalin sukari, muka rataye a jikin bishiyar. Doka ta uku ce mai zafi: wanda ya jefa kati kafin a zo kansa, katin zai zauna a buɗe kowa ya gani, in kuwa ya yi sau uku a zama ɗaya, ya bar tabarma mako guda.

Babbanmu wani tsohon masinja ne Bakano, muna ce masa Baba. Tun rasuwar matarsa ba shi da wurin hira sai nan. A wasan akwai katin da ke tsallake na gaba, mai jefawa ya faɗa da baki. Wata rana aka tsallake Baba, ya jefa abinsa. Aka sake, ya sake.

Wani tela Bazazzagi, abokin wasansa, ya ce, "Baba, ko a nan ma sai kun nuna mana halin kasuwa? Layi ake bi!"

Baba ya ce, "Yi mini shiru, ɗan Zariya, allura ce iyakar iliminka."

Da ya yi na uku babu wanda ya yi dariya. Duk aka zuba mini ido. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Malam, kai ka rubuta, mu muka yarda." Ya tafi. Washegari muka ji ya ce ba zai dawo ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ran nan a masallaci ina sahun bayansa, sai na lura ba ya ɗagowa da kabbarar liman, sai ya ji motsin na kusa da shi. Ashe kunne ne ya yi nauyi, kuma ba zai taɓa faɗa ba.

Ban soke dokar ba, ban kuma gaya wa kowa abin da na gani ba. Layi ɗaya na ƙara a ƙasan kwalin: daga yau ba a sanar da zagaye da baki, sai a ajiye goro gaban wanda aka zo kansa. Ranar farko telan ya cinye goron, muka koma ƙwallon goruba.

Da mako ya cika na je zauren Baba na miƙa masa ƙwallon, na ce, "Baba, mun yi sabuwar doka, an ce babba ne zai buɗe ta."

Ya jujjuya shi a tafinsa, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Miƙo mini takalmina."

Shekara shida ya yi yana zama da mu bayan nan, bai sake jefa kati kafin a zo kansa ba. Wanda dokar ta fara kora bayan dawowarsa kuwa telan ne, Baba ya raka shi har bakin titi yana yi masa jaje. Na rubuta abubuwa da yawa da hannun nan, amma har yau ina jin daɗin layin nan na kwalin sukari. Alhamdulillahi.