Duwatsun Murhu a Ɗanyen Siminti

Shekara talatin da ɗoriya ina yin daddawa a gidanmu na Ɗansoshiya, kuma ban taɓa jin warinta ba. Mutane ne ke cewa tana wari. Ni dai abin da na sani, ranar da na buɗe kwando bayan kwana uku na ga kalwa ta nuna, ta yi laushi tana yauƙi a yatsa, har 'yar rawa nake takawa ni kaɗai. In kirɓa, in mulmula, in shanya a tabarma, ranar kasuwar Dangora kuwa kafin azahar kwanona ya zama wayam.

Ɗana na fari yana aikin ofis a Kano. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba, haka muka tarar ana yi da ɗan fari. In ina da saƙo, ƙanwata da muke gida ɗaya nake ba wa. Shi kuma saƙonsa kullum ɗaya ne: Inna ta huta, hayaƙi zai cinye mata ido, mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa. Nakan ce a ce masa na ji. Ji kam na ji, bari ne ban yi ba.

Da ya ga magana ba ta ci ba, sai ya biyo ta hanyar alheri, wadda ta fi wuyar ƙi. Ya aiko magina su shafe tsakar gida da siminti, don damina ta daina mayar mana da ita fadama. Na sa albarka, na tafi Kiru barkar haihuwa, na kwana biyu. Da na dawo da hantsi na tarar da tsakar gida sumul, simintin ɗanye, an shimfiɗa katako ana bi ta kai. Murhuna babu shi. Duwatsun nan uku da na gada wajen uwar mijina an watsar da su bayan katanga, tukwanen dafa kalwa an kife su a akurkin kaji.

Na tambayi babban maginin ina aka bar mini wurin wuta.

"Hajiya, mai aikin cewa ya yi a shafe duka," in ji shi. "Wai an sayo miki murhun gas."

"Kalwa wuni take a wuta. Gas ɗin wa zai dafa ta?"

"Ai ya ce kin daina."

Raina ya ɓaci ƙwarai. An yi mini ritaya ina can ina cin ƙauri a gidan suna. Na ajiye mayafi, na zagaya bayan katanga, na mirgino duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na taka simintin da ƙafata har tsakiyar gida, inda murhun yake tun asali, na dasa su, na hau kowanne na danna da nauyina.

Maginin ya riƙe baki. "Hajiya, in ya bushe fa sai da guduma."

"Shi ya sa ban jira gobe ba," na ce masa.

Ran Asabar ɗan nawa ya iso. Duwatsu sun kama ƙam, ga sawun ƙafata jere tun daga bakin zaure. Ya daɗe yana kallo, sannan ya durƙusa a gabana.

"Inna, wahalar nan ta isa haka. Me na rage ki da shi?"

Ƙanwata ta gyara zama za ta amsa a madadina kamar kullum. Na ɗaga mata hannu. Ranar na fara duban idonsa na ba shi amsa da bakina, kunya kamar ta kashe ni.

"Ba ka rage ni da komai ba, Allah ya yi maka albarka. Amma wa ya ce maka wahala nake sha? Shinkafar gidan nan kai ka kawo, zanen jikina kai ka saya. Sana'ar nan ce kaɗai tawa, kuma daɗinta nake ji. Idon da kake cewa hayaƙi zai cinye, ai nawa ne."

Ya miƙe. Ya tafi kafin la'asar, ko tuwon bai taɓa ba, ya kuma yi wata biyu bai leƙo ba. Abin ya yi mini ciwo, na yi kuka a ɗaki, ba zan ɓoye ba. Amma ko kwana ɗaya ban fasa ɗora tukunya ba.

Ranar da ya dawo, kalwa na tafasa a tsakiyar gida, hayaƙi ya cika ko'ina. Sai da ya kewaye murhuna kafin ya samu wurin durƙusawa ya gaishe ni.