Tarihin Dakta, 'Yar Maƙerin Azurfa

Tun kafin wani farfesa ya ga azurfa ta sauya launi cikin ruwan ganye, Maƙeri ya riga ya gani, shi da bai taɓa zama a aji ba. Daga bakinsa aka rubuta wannan tarihi na 'yarsa.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya Dakta a shekarar 1968, a ɗakin da ke bayan maƙerar mahaifinta. Mahaifiyarta kuwa tela ce. A 1979 Dakta ta tuntsurar da kwalbar narkakkiyar azurfar da mahaifinta yake tacewa cikin kwanon ganyen gwaiba da ya dafa saboda ciwon ciki, ruwan ya koma ɗorawa, sannan ƙasa-ƙasa. Ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, amma da ya tsuguna sai ya ce: "Uwata, zo ki gani, ganye ya kama azurfa!"

Ilimi da Aiki

Ta shiga jami'a a 1987, ta karanta ilimin haɗa magunguna, ta kammala digiri na uku a 2001. Ta duƙufa ga haɗa ruwan azurfa da na ganye don samar da ƙananan ƙwayoyin azurfa da ido ba ya gani, masu hallaka ƙwayoyin cuta a miki. Ranar da ta nuna wa Maƙeri hotonsu a ɗakin bincike ta ce, "Baba, ka gan su?" Ya ce, "Na gan su tun kina fitsarin kwance."

Aure

A 1992 ta auri wani malamin lissafi, wanda Maƙeri ke kira Alli har yau, Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Jarrabawar Ƙafa

A 2014 ciwon suga ya buɗe wa Maƙeri gyambo a diddige, likitoci suka sa ranar yanke ƙafar. Dakta ta roƙi jinkirin kwana arba'in, ta kuma samu izinin gwada man shafawar da ta haɗa. Kowace safiya, kafin ta tafi aiki, da hannunta take wanke mikin, tana cewa: "Baba, in na sake jin ka sha shayi da sukari, ni da kaina zan yanke ta." A kwana na talatin da shida miki ya rufe.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ranta ranar Talata, 8 ga Maris, 2022, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta bayan la'asar. Maƙeri ya ƙi shiga mota, ya taka har maƙabarta a kan ƙafar da ta bar masa. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Injiniya, Malamar Jinya, Direba, da Auta mai karatun likitanci. Allah Ya jiƙanta.

Duk mai shakka ya zo maƙera da safe. Maƙeri zai cire takalmi ya nuna masa ƙafar, ya ƙirga yatsu biyar cif, daga nan su yi tsere zuwa bakin titi.