Wayar Da Na Ɗaura A Madadin Fiyus

Ni ɗan malamin makaranta ne. A Kafanchan aka haife ni, a gidan da ba a cin abinci sai an yi addu'a. Babana ya so in tafi kwalejin ilimi ta Gidan Waya in karanci malanta kamar shi, amma tun ina sakandare hankalina yana kan rediyo da sifika. Da ya ga ba zan juyu ba, sai ya kai ni wurin Oga Bulus, mai haɗa kayan sauti a motoci kusa da tasha.

Oga Bulus ya koya mini aikin tsakani da Allah. Ya nuna mini wufa, babbar sifikar nan da ke sa kiɗa ya daki ƙirji, da amfilifaya, akwatin da ke ba ta ƙarfi, wanda muke ce wa amf. Yakan ce, "Kada ka duba babbar lambar da ke kan kwali, ta talla ce. Juya baya ka karanta ƙaramin rubutu, nan wat na gaskiya yake, wato ma'aunin ƙarfinsa. Ƙarfin amf ya yi daidai da na wufa." Ya koya mini cewa in ka haɗa wufa biyu a kan ƙaramin amf, nauyin zai fi ƙarfinsa, zai yi ta jan wuta yana zafi. Daga batir kuwa sai waya mai kauri, da fiyus kusa da batir ɗin, don in wuta ta yi yawa fiyus ya tsinke kafin waya ta kama.

Na iya aikin har na buɗe rumfata. A nan na gane wani abu da ya zama mafarin lalacewata: masu mota ba su san komai ba. Su dai su ji ƙara.

Da waya na fara. Mutum zai sayo mai kauri, in saka masa siririya ƙarƙashin kafet, in ajiye tasa in sayar. Ba wanda ya dawo. Daga nan na shiga liƙa wa ƙananan amf takardar manya. Sai na koma musanya: a kawo sabon amf mai kyau, in ɗaure tsoho ƙarƙashin kujera inda ido ba ya kaiwa, in murɗa ƙarfinsa har ƙarshe don ya yi ihu. Kafin in farga, ranar Lahadi ina zagaya bayan coci-coci lokacin wa'azi, ina buɗe but ɗin bayan motocin mutane ina kwance kaya. Da Littafi Mai Tsarki a hammata nake zuwa.

Wata rana an kai wa Oga Bulus wata mota da na yi wa aiki. Ya zo rumfata da siririyar wayar a hannu, ya ce, "Ni na koya maka wannan?" Na ce masa hassada ce ke damunsa don na kwashe masa kwastomomi. Ya kalle ni, ya ajiye wayar a kan tebur, ya tafi.

Baba Ishaku direban bas ne, yana jigila tsakanin Kafanchan da Manchok. Cocinmu ɗaya, kuma abokin babana ne. Matarsa Mama Rifkatu ce ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Ya je Jos ya sayo wufa biyu da babban amf da ya dace da su, don masu biki su riƙa ɗaukar bas ɗinsa haya. Ya kawo mini ya ce, "Ɗana, akwai masu aiki da yawa, amma kai namu ne."

Da na ga amf ɗin, yawuna ya tsinke. Ya tafi cin abinci, na ɓoye nasa, na ɗaura masa wani ƙarami mai irin launinsa. Na haɗa wufa biyun a kansa da siririyar waya. Na san sarai abin da nake yi. Na kunna, bas ɗin ya ɗauki rawa, Baba Ishaku ya yi ta dariya yana sa mini albarka.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, ya ce kiɗa yana ɗaukewa. Fiyus ne ya tsinke. Na sa sabo. Ya sake dawowa, ya sake tsinkewa. Fiyus ɗin gaskiya yake faɗa, amf ɗin ba zai iya da kayan ba. In na gyara, dole in fito da nasa, asirina ya tonu. Sai na cire fiyus ɗin, na nannaɗe wurin da guntun wayar tagulla.

Ya tambaye ni, "Yanzu ba matsala ko? Ran Asabar zan kai 'yan zumuntar mata biki Fadan Kagoma."

Na ce, "Ba matsala, Baba."

Ran Asabar da rana ina rumfa wani ɗan acaba ya tsaya ya ce bas ɗin Ishaku ya kama wuta a hanya. Daga baya na ji yadda aka yi. Matan suna ta bin waƙar da aka kunna, ba wanda ya ji ƙaurin roba sai da hayaƙi ya fito daga ƙarƙashin kafet. Akwai jarkar fetur a ƙarƙashin kujera. Ƙofa ta ƙi buɗewa, mata suka riƙa fita ta taga. Mama Rifkatu ce ke zaune daidai kan amf ɗin, zaninta ya kama. Baba Ishaku ya koma cikin wutar ya jawo ta da hannuwansa. Ba ta yi mako a asibiti ba ta rasu.

Na je jana'izar. Har waƙa na yi.

'Yan sanda suka kira Oga Bulus ya duba ƙonannen bas ɗin. Ya ga tagullar da na nannaɗe, ya ga gawar ƙaramin amf. Da suka bincike rumfata suka sami na Baba Ishaku sabo fil, tare da kayan da na kwance a motocin mutane. A kotu ban yi gardama ba. Babana ya zauna a baya, kansa a ƙasa har aka yanke hukunci. Ina gidan yari ya rasu, ban ga kabarinsa ba sai da ciyawa ta rufe shi.

Shekarun da na yi a ciki ba yunwa ko ƙaiƙayi ne suka fi ci mini rai ba. Duk Lahadi wasu matan coci sukan zo su yi sujada tare da mu. Da sun ɗaga waƙa sai muryar Mama Rifkatu ta dawo mini. A can na durƙusa na roƙi Ubangiji gafara, ba don a rage mini kwana ba.

Da na fito, na tafi gidan Baba Ishaku a Manchok. Ya bar tuƙi, yatsunsa sun manne da juna, ba ya iya riƙe sitiyari. Na faɗi a gabansa ina kuka. Can ya ce, "Na yafe maka, don Yesu ya ce in yafe. Amma kada ka sake zuwa gidan nan. Yarana ba su kai inda na kai ba." Ina tashi, 'yarsa ta fito da ruwa. Ba ta kalle ni ba. Ta durƙusa ta riƙe masa kofin a baki yana sha.

Yanzu citta nake wankewa ina shanyawa a gonar wani. Ba mai ba ni motarsa, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ku matasa masu koyon sana'a, ku ji ni. Wanda ya kawo muku aiki ya tafi, ransa ya bar muku, da na matarsa, da na duk wanda zai shiga motar nan. In zuciya ta ce muku ba zai gane ba, ku tashi daga wurin. In kun riga kun yi, ku kira mai kaya yau ku gaya masa, ku sha kunyar. Ni kunya na guje wa, kunyar yini ɗaya tak, na bar mutum ba mata, ba hannu.