Toka da Jar Katanga

Ƙarar faifai da ya kife ce ta fara isowa, sai warin daddawa ya hauro katanga ya same ni ina wanke-wanke a bakin rijiya. Wata Laraba ce bayan la'asar, cikin kakar shekarar da na shiga aji huɗu a Gumel. Kafin in ɗauraye hannu, kukan maguna biyu ya cika unguwa, irin kukan nan mai kama da na jaririn da aka mintsina. Sai ga magena Toka ta diro tsakar gidanmu, kunnenta yana zubar da jini, wutsiyarta a miƙe kamar ba ita aka kora ba. Daga bayan katanga kuma muryar Inna Ladi, maƙwabciyarmu, ta tashi tana rantsuwa cewa wannan karon ba za ta yi haƙuri ba.

Ba mu muka kawo Toka gidan ba, tarar da ita muka yi. Sa'ad da muka taso daga Sule Tankarkar muka dawo gidan kakannina, ban ma shiga makaranta ba, tana zaune a tsakar gida, launinta kamar tokar murhu da ta kwana. Babu wanda ya ce tasa ce, sai na ce tawa ce. Ni nake rage mata nonon furata, ita kuma ta riƙa raka ni ko'ina: in na je ba awaki harawa, in ina tsince wake, in muna carafke da ƙannena a gindin rumbu tana kai wa duwatsun cafka. Aibinta ɗaya ne. Da an yi la'asar sai ta haye katangar da ke tsakaninmu da Inna Ladi, wadda ta fi duk katangun gidan ja da santsi, ta dira can, ta kwanta a kan wani ɗan dakalin ƙasa da ke gindin zogale.

A nan Inna Ladi take shanya daddawar da take sayarwa, a nan kuma muzurunta yake sarauta, wani baƙi mai ƙaton kai da yara suke kira Ɗan Sanda. Shi yana ganin dakalin nasa ne. Toka kuwa ko kallonsa ba ta yi, sai ya fara gurnani, su kaure, a yi ta ɓarin shanya. Babu dabarar da mahaifiyata ba ta yi ba. Ta shafa wa Toka man shanu a tafin ƙafa, domin an ce mage in ta lashe shi a gida ba ta ƙara sha'awar wani gidan. Toka ta lashe tas, ta haye. An jera ƙayar aduwa a kan katanga, ta sami inda za ta taka. An kife ta da kwando, ta yi ta kuka har na ɗaga.

Ranar Larabar nan daddawar mako guda ce ta birkice da yashi. Na ga Inna Ladi a zaurenmu riƙe da faifan, tana nuna wa Baba, kuma ko a lokacin na san tana da gaskiya: ta kwana biyu tana dafa kalwa, tana wanki, hannayenta duk sun yi fari. Baba ya ba ta haƙuri, ya ce za a yi abin da aka saba. Abin da aka saba kuwa shi ne a sa mage cikin buhu a ɗaure bakin don kada ta ga hanya, a ba mai mota ya kai ta nesa. Washegari kasuwar Maigatari ke ci, kuma Malam Habu direba ya san wani mai hatsi da ɓeraye suka dama.

Ni yarinya ce mai sanyi. A makaranta ni ce wadda ake ƙwace wa alli ta yi shiru, wadda malami yake kamawa tana kallon gajimare ta taga. Ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Amma da safe, bayan na sa kayan makaranta, sai na ɗauki buhun da aka ajiye, na shimfiɗa a bakin zaure na zauna a kai, Toka tana cikin hijabina, zuciyarta tana bugawa a kan tawa. Malam Habu yana ta danna oda a waje. Baba ya fito ya tsaya a kaina.

"Ummi, tashi."

"Baba, in dai buhu ne, a sa mu tare."

Da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba. Cewa ya yi maganar ba tasa ba ce shi kaɗai, ya riga ya yi wa maƙwabciya alkawari. Na ce to, ni zan je wurin maƙwabciyar. Na miƙe, na fita ta gaban motar na shiga gidan Inna Ladi ko sallamar kirki ban iya yi ba.

Na tarar da ita tana tankaɗe abin da ya rage na daddawar. Na ce mata Toka ba za ta je Maigatari ba. Na ce kullum bayan Islamiyya zan zo in tsare shanya, in kori kaji, in riƙe magena, amma ba za a sa ta a buhu ba. Ta fara faɗa, tana tambayata tun yaushe yara suka fara yanke wa manya hukunci. Ni kuwa sai na zauna a kan dakalin nan. Toka ta fito daga hijabi, ta yi juyi ɗaya a cinyata, ta lumshe ido. Inna Ladi ta tsaya a tsakiyar magana, rariya a hannu, ta daɗe tana kallonmu.

"Tafi makaranta, mai sunan Hajiya," in ji ta. "Ki ce wa babanki ya sallami mai mota."

Na cika alkawari. Shekaru na yi ina zama a dakalin nan da yamma, littafi a hannu ɗaya, sandar korar kaji a ɗayan, har warin daddawa ya kama hijabina, 'yan ajinmu suna toshe hanci ina ɗaga musu kai. Ɗan Sanda bai taɓa yafewa ba. Yakan hau kan rumbu ya zuba mana ido har magariba, da mun tashi ya sauko ya kwanta daidai inda muka bari. A haka suka raba dakalin, Toka da yamma, shi sauran yini.

Yanzu an rushe jar katangar, an ja ta bulo, an dasa mata fasassun kwalabe a kai. Ko warin miya ba ya hayewa, balle mage. Toka ta daɗe da mutuwa. Sai bayan na gama jami'a, na je gaida Inna Ladi ta tsufa, ta gaya mini cewa da can gidajen biyu gida ɗaya ne, rabon gado ne ya kawo katangar, dab da dawowarmu. Dakalin nan bakin ƙofar ɗakin kakata Hajiya ne, inda take zama bayan la'asar da 'yar mage a cinya.

Ashe Toka ba gidan wani take shiga ba. Katangar ce baƙuwa.